Ƙararrawa ta kaɗa, me kike ƙarasawa?

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi, musamman sistoci masu bin Ƙa'idar Waliyi Benedict, wato dokokin zaman zuhudu da ya rubuta, da ku 'yan coci da kuke yin addu'ar safe da ta yamma tare da su. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: makara.

Ƙararrawar addu'ar yamma ta kaɗa, rabin kujerun ɗakin sujada ba kowa. Wata tana kicin wai bari ta sauke miya, wata tana ofishin makaranta tana haɗa lissafi, wata ta jingina da bango waya a kunne. Sai an shiga Zabura ta biyu a ji ƙarar silifas, a shigo ana haki ana laluben shafi. Haba, Sista!

Benedict ya rubuta Ƙa'idarsa a ƙarni na 6 a Monte Kasino, ƙasar Italiya, kuma ya san halinmu sarai. A babi na 43 ya ce da zarar an ji alama, a ajiye abin da ke hannu a tafi da hanzari, amma cikin natsuwa, kada a fifita komai a kan Aikin Allah. Ki lura da sunan da ya ba addu'ar taro: Aikin Allah. Makaranta da asibiti da gona duk hidima ce mai kyau, amma ba su suka raba ki da gidan iyayenki ba. Ga kuma tausayinsa: ya ce a ja Zabura 95 ta buɗe addu'ar tsakar dare a hankali, don mai nauyin barci ya samu ya iso. Wanda ya makara duk da haka, ya shigo ya tsaya a baya, kada ya zauna a waje, don a waje barci zai koma ko ya kama hira. To, wane uzuri ya rage mana?

Yawancin makara ba daga ƙararrawa take farawa ba, daga rashin shiri ne. Littafin addu'a yana da zaruruwan alama. A saka su tun bayan addu'ar da ta gabata: ɗaya a makon Zabura (1 zuwa 4), ɗaya a lokacin shekarar Ikilisiya da ake ciki, ɗaya a ranar waliyi in akwai. A duba kalandar Ikilisiya da dare, ba lokacin da aka miƙe tsaye ba. Mai girki ta ƙidaya baya: in addu'a ƙarfe 6 ce, wake ba ya hawa wuta ƙarfe 5. A kaɗa ƙararrawa sau biyu, minti 5 tsakani. Ta farko ta wanke hannu ce, ta biyu ta same ki a zaune. Waya kuwa ta kwana a ɗaki. Ko an kashe mata murya, rawar da take yi a aljihu ta isa ta sace miki aya uku.

Akwai kuma makarar zuciya, ita ta fi ba ni tsoro. Jiki ya iso, hankali yana kasuwa. Alamarta gudu ne: ana karɓa-karɓar ayoyin Zabura, ɓangaren dama bai rufe baki ba na hagu ya ɗauka, an haɗiye alamar tauraron nan ta tsakiyar aya inda ya kamata a ja numfashi ɗaya, tsohuwar Sista mai raunin ido an baro ta layi biyu a baya. Addu'ar yamma fa waƙar buɗewa ce, Zabura biyu, waƙa ɗaya daga Sabon Alkawari, gajeren karatu da amshinsa, Waƙar Maryamu, roƙe-roƙe, Ubanmu da addu'ar rufewa. Minti 20 ya ishe ta. Benedict ya so a gama dukan Zabura guda 150 a mako ɗaya, littafin da yawancinmu ke riƙewa yau ya shimfiɗa kusan dukansu a mako huɗu, amma har yanzu muna satar kallon agogo. A "Ɗaukaka ga Uba" da ake rufe Zabura da ita, a rusuna sosai har a gama ambaton Ruhu Mai Tsarki, ba a gyaɗa kai kamar ana gaida maƙwabci ba.

Uwar gida, shugabar sistoci, ke ma kada ki tsare ƙaramar Sista da aike bayan ƙararrawar farko, sannan ki tsawata mata don ta makara.

Don Allah, ƙanwata, yau da yamma in kin ji ta kaɗa, ki ajiye ludayin. Ki ajiye biron ko da a tsakiyar kalma ne. Ki zo, muna jiranki.