RAM ɗin Nan Ya Ishe Ni

Wai don Allah me masu sayar da RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, suka ɗauke mu ne? A kwali an rubuta DDR4 mai gudun 3200, na dawo daga Sabon Gari na soka a madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, sai ta nuna min gudun 2133! Na shiga BIOS, wurin saitin kwamfuta, na kunna XMP mai sa RAM ya kai gudun da aka rubuta, sai kwamfuta ta tsaya, allo ya koma shuɗi ina tsaka da aikin ɗalibin da ya taso tun daga Samaru. Na ciro RAM ɗin, na hure ƙura, na goge haƙoransa da magogin fensir, batirin CMOS mai riƙe saitin BIOS kuwa na zare shi har yatsana ya yi kanta! Na bar MemTest86, manhajar gwajin RAM, ta kwana tana gwaji, gab da asuba aka ɗauke wuta. Na mayar shago, wai "Oga, ai madabod ɗinka ne." To kuɗina fa, su ma madabod ne ya cinye?