Citta ta ruɓe, har yanzu zancen feshi ake yi

Tun da annoba ta cinye gonakin citta a Kachia, Kagarko da Jaba a daminar 2023, waƙa ɗaya ake rerawa: a kafa kwamiti, a raba maganin feshi. Waƙar nan ta ishe ni. Masu rera ta gani suke shuka ba ta da ta cewa sai an tsaya mata da famfon feshi.

Alhali shuka na da garkuwarta. A fatar ƙwayoyin jikinta akwai furotin da aikinsu gane baƙo. Ɗaya daga ciki, FLS2, wanda masana a birnin Basel na Suwizalan suka gano a 2000, yana shaida wani guntu na wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita. Wani kuma sinadarin jikin fungas yake shaidawa. Da zarar ta ji alama, sai shuka ta rufe ƙofofin numfashin ganyenta, ta ƙara wa bangon ƙwayoyinta kauri, ta saki sinadarai masu kisa. Cutar ma ba ta zama haka: takan cusa nata furotin ciki don ta toshe wannan martani. Idan shukar ta gaji abin da zai gane wannan dabara, sai ƙwayar da aka shiga ta kashe kanta don cutar ta tsaya nan.

Duk wannan gado ne, kuma nan gizo ke saƙar. Citta da gutsuren saiwa ake shuka ta, don haka kowace shuka kwafin uwarta ce. Manoman Kudancin Kaduna kuwa kusan iri biyu suke juyawa shekara da shekaru, tafin giwa da yatsun biri. Gari guda, ƙwado iri ɗaya a kowace ƙofa. Ɓarawo ya samu mabuɗi, sai ya bi gida-gida.

Za a ce samar da iri mai juriya na cin shekaru. To shekarun da aka ɓata ana rabon galan-galan fa?

Abin takaici, irin wannan arziki na gadon juriya akwai shi a yankinmu na Afirka ta Yamma. Xa21, ƙwayar gadon da ke kare shinkafa daga bakteriya mai ƙona ganye, daga wata shinkafar daji ta Mali aka samo ta, amma a Kalifoniya aka tantance ta a 1995.

Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta Umudike a Jihar Abiya ce ke da alhakin citta. A ba ta kuɗi ta tattaro ire-irenta daga Indiya da sauran ƙasashe, ta gwada su a gonakin Kachia, ta raba wa manoma tsaftataccen iri wanda ya jure.