Wa ke duba biran nan?

Wani labari da na karanta kan cututtukan biran da ake ajiyewa a keji ya sosa mini inda ke ƙaiƙayi. A 1967 biran da aka kai Jamus daga Uganda don bincike ne suka sa wa ma'aikata cutar Marburg, wani zazzaɓi mai sa zubar jini, mutum 7 suka mutu. Can fa ga likitoci a kusa! Mu nan Kaduna mai wasa da biri zai ratsa Kawo, yara na biye da shi suna miƙa gyaɗa, biri ya yakushi yaro a ce ba komai. Ƙyandar biri ta dawo Najeriya tun 2017, ko da yake an fi zargin ɓeraye da yaɗa ta. Jama'a, akwai likitan dabbobin da ke duba biran nan kuwa?