Wai don ba mu rubuta suna a kabari

Wata tsohuwar Baturiya ce ta ɓata mini rai a maƙabartar Burukwud, kudu maso yammacin Landan, kuma cikin murmushi ta yi abin. Zagayen da 'yan sa-kai ke shiryawa muka bi, ana nuna wa mutane kaburbura ana ba su labarin masu su. Da muka iso sashen Musulmi sai ta tambaye ni yadda muke yi a gida. Na ce mata tudun ƙasa ne kawai, wani lokaci a kafa ice ko fasasshiyar tukunya, bayan 'yan damuna ya baje. Ta dafe ƙirji ta ce, ashe ke nan duk tarihinmu ya bi ruwa.

Ku da ba ku taɓa ganin irin wurin nan ba, kada ku kawo maƙabartar unguwa a ranku. A 1854 aka buɗe shi, bayan annobar kwalara ta cika maƙabartun cikin Landan. Har jirgin ƙasa na musamman aka yi masa, yana ɗauko gawa da masu rakiya daga wata tasha ta musamman kusa da tashar Watalu, bai daina ba sai 1941 da bam ɗin Jamus ya rushe tashar. Tikitin ma aji uku ne, kuma har gawar akwai ajinta. Ciki tituna ne masu suna, da itatuwa dogaye da sai ka ɗaga kai hula ta faɗi, da gumakan mala'iku na farin dutse, wasu hanci ya gutsire, gansakuka ta rufe rubutun. Mai yi mana jagora ɗan fansho ne cikin rigar ruwa, da jakar hotuna da fulas ɗin shayi, ba a biyan shi ko sisi. Ya kai mu kabarin Abdullahi Kwiliyam, wanda ya buɗe masallaci a Libaful ya rasu a 1932, da na Fiktal da Abdullahi Yusuf Ali, masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci. Na yi musu addu'a, sauran suna ɗaukar hoto.

Haka suke da gidaje. Tun 1866 ake manna shuɗin faranti a bangon gidan da wani sananne ya zauna a Landan. Duk watan Satumba kuma akwai ranakun da ake buɗe tsofaffin gine-gine kyauta, kowa ya shiga ya leƙa har ɗakin girki. Ban raina wannan ba, aiki ne, kuma suna yin shi da tsari.

Amma a ce namu ya bi ruwa? Shehu Usmanu ya rasu a 1817, kuma yau ɗin nan da kake karanta wannan akwai mutane a Hubbare, inda kabarinsa yake a Sakkwato, wasu daga Nijar, wasu daga Kamaru, ba wanda ya sayar musu da tikiti, ba wanda ya buga musu takardar talla. Nana Asma'u na kwance nan kusa da mahaifinta tun 1864, waƙoƙinta kuwa har yanzu suna bakin tsofaffin mata da suka gaji 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata da ta kafa. Tare yaron makarantar allo a Ƙofar Rini ka tambaye shi inda Muhammadu Bello yake, zai ce maka Wurno. Abdullahi fa? Gwandu. Na san akwai malaman da ba su yarda da yadda wasu ke yin ziyara ba, wannan muhawara ce tamu ta cikin gida. Abin da ba a musu a kai shi ne an hana mu gina kabari da ƙawata shi, kuma mun bi. Mai kuɗi da almajiri tudu ɗaya ne. Su da suka raba gawa aji uku a jirgi, su ne za su ji tausayinmu?

Mu a jikin mutane muke rubutawa. A gidanmu kaɗai akwai Bello, akwai Atiku, akwai Gidado, akwai Asma'u har biyu, kuma wanda aka sa wa sunan kaka ba a kiran sunan gatsau, sai a ce Abba ko Inna, kullum ana tuna mai shi. Maroƙi ɗaya a bakin fada zai jero maka sarakunan Musulmi daga Bello har Sa'ad Abubakar, ya bi ta kan Attahiru da Giginya da Burmi a 1903, bai duba takarda ba. Dutsen da suke taƙama da shi kuwa, dokar 2007 ta ba hukumomin Landan damar sake amfani da kabarin da ya wuce shekara 75. A Burukwud ɗin ma na ga layi guda na duwatsun da suka kife, ba jika ba tattaɓa-kunne.

Inda bakina ke mutuwa shi ne gidaje. Ƙofofin gari sun fi zama sunan unguwa yanzu, ganuwa kuwa sai labari. Littattafan da Waziri Junaidu ya tara suna nan, akwai ma hukumar tarihi mai sunansa, amma 'yan makarantarmu nawa aka taɓa kaiwa wuraren tarihin jihadi irin su Degel ko Gudu ko Alkalawa? Tsohon soro kuma da zarar mai gida ya rasu sai a raba gado, a rushe, a jera shaguna da bulo.

Namu ma yana kan hanya. Ƙanena ya kira ni kwanan baya, wai magada sun ce a sayar da zauren kakanmu, mai azara da daɓe, inda muka yi karatun allo. Na ce ban yarda ba. Ya ce, "Yaya, kai kana can cikin hita, mu ne ruwa ke zubo wa duk damina." Na aika kuɗin yaɓe da na indararo, na kuma ce in dai sayarwa ce dole, a yi masa kuɗi a faɗa mini, ni zan saya. 'Ya'yana biyu nan aka haife su, sun san matan Sarki Henri na takwas su shida da sunayensu, ba su taɓa cire takalmi a zauren nan ba. Hutun bazara mai zuwa, in Allah ya kai mu, can za su yi shi, ko sun so ko sun ƙi.