Fim daga wasan tebur: ga nawa ra'ayin

Malam mai rahoto, ka ce fina-finan da ake ɗaukowa daga wasan tebur irin Dungeons & Dragons sun fara karɓuwa. A ƙauyenmu nan kusa da Ringim, yaran da ke cika gidan kallo ba su ma san akwai wasan ba, dodanni da matsafa kawai suke gani su yi ta ihu.

Shi wasan tun 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka. Mutum ɗaya ne ke jan labari, sauran kowa da jaruminsa, sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20 ya yanke ko saran takobi ya samu ko ya kuskure. Daɗin a nan yake, har mai jan labarin bai san ƙarshe ba. Fim kuwa an riga an rubuta komai. Fim ɗin wannan wasan da ya fito a shekarar 2000 bai yi armashi ba sam. Na 2023 ya fi, don ya bar jarumai suna ƙulla dabara tana wargajewa, yadda ake yi a kan tebur.

Masu fim ɗin Kano fa, littattafan yaƙinmu na Hausa cike suke da aljanu da matsafa, me kuke jira?