Masu waldar Panteka ba jahilai ba ne

Satin da ya wuce wani Bature a wajen aikinmu nan Ingila ya ɓata min rai. An gama waldar wani ƙaton firam ya miƙe sambal, ana ɗora shi kan inji aka fara sassaƙe gefe ɗaya sai kawai ya lanƙwashe da kanshi. Mutumin ya juyo yana dariya wai a ƙasarku ai guduma za ku zuba mai ku wuce ko?

Abin da ke faruwa, wajen da aka yi walda in ya fara hucewa so yake ya tsuke amma ƙarfen gefe ya riƙe shi gam, sai wannan jan ya kwanta a ciki ido ba ya gani, sai ranar da aka yanka ko aka ɗora lodi. Yana cikin abin da ya raba jirgin ruwa Schenectady gida biyu a 1943 yana tsaye a tasha a Amurka.

Su nan Ingila auna wannan jan suke. Sai ka ga an goge wuri ya yi ƙyalli, an manna ɗan ma'auni kamar farce mai wayoyi, a huda rami bai fi milimita 2 ba, kwamfuta na karanta yadda ƙarfen ke saki. In kayan mai kauri ne har kusa da Oksfod ake kai shi a leƙa cikinshi da nutiron, wasu ƙananan ƙwayoyi masu ratsa ƙarfe. Tun ba a kunna injin walda ba ma sun gwada a kwamfuta sun san inda zai ja, daga baya kuma a sa a tanderu wajen digiri 600, awa guda ga kowane inci na kauri, ya huce a hankali. Wannan kam sun iya.

Amma wallahi maigidana a kasuwar Panteka ya san abin nan. Ɗigo-ɗigo yake fara kamawa, ya yi nan ya tsallaka can, ya bi layin da guduma yana bubbugawa. Gudumar da ake wa dariya fa, su ma harbin ƙarfen jirgin sama suke da ƙananan ƙwallaye don dalili ɗaya. Eh akwai masu sheƙa ruwa kan walda da zafinta don kwastoma na jira, kuma shasin tirela ne, wannan ganganci ne.

To amma wa zai riƙe tanderu awa da awanni kan janareta da tsadar gas ɗin nan? Mutumin da sai ƙarfe biyun dare yake tashi aiki saboda lokacin aka kawo wuta, shi za a ce ya jira ƙarfe ya huce a hankali? Ku ba su wuta tukuna sannan a yi gasar.