Jiƙaƙƙen hatsi a ƙarƙashin manhaja

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan nasiha ce ga 'yan'uwana masu ƙera manhajoji, kuma kaina nake fara tunatarwa kafin kowa.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin wani tsibin hatsi, ya cusa hannunsa a ciki, sai yatsunsa suka ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi abin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama domin mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Sana'armu ta fi sayar da hatsi sauƙin algus, domin mai amfani da manhaja ba shi da hannun da zai cusa ya ji abin da ke ƙasa. Fuskar kawai yake gani, ya shigar da lambar BVN da ta NIN da hotonsa, ya danna, ya tafi yana kyautata mana zato.

Kwanakin baya gwaggona ta miƙo mini wayarta hannunta yana rawa. Saƙo ne ya shigo da hoton yaron maƙwabcinta, an kira shi ɓarawo saboda bashin da ya ci a wata manhajar lamuni. Ta ce, “Ɗan nan, ni da ban ci bashin kowa ba, ina suka samo lambata?” Na ce, “Gwaggo, daga wayarsa suka kwasa.” Ranar da yaron ya sauke manhajar ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayarsa, shi kuwa matsuwa ta sa ya amince bai karanta ba. Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne sanin cewa wani mai sana'a irin tawa ne ya zauna ya rubuta umarnin kwasar lambobin, wataƙila ma ya tashi daga kan aikin ya yi alwala. Cewa “oga ne ya sa ni” ba hujja ba ce, tunda babu biyayya ga abin halitta cikin saɓa wa Mahalicci, kuma aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana leƙen asirin mutane ƙarara.

Irin wannan ya faru da Facebook, inda a 2018 aka bankaɗo cewa bayanan mutane kusan miliyan 87 sun isa hannun kamfanin Cambridge Analytica mai ba 'yan siyasa shawara ta wata manhajar tambayoyi, alhali akasarinsu ba su taɓa buɗe ta ba, abokansu ne suka buɗe. A Najeriya hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu manhajar lamuni a Legas a 2022, kuma a watan Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanai. Doka tana da amfani, amma hukuma ba ta zaune kusa da kai da ƙarfe biyun dare lokacin da ka buɗe rumbun bayanai, ka ga sunan wanda ka sani, zuciya ta ce ka duba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da aikinka bai buƙata ba, kada ka karɓa tun farko. Abin da ka karɓa, ka kulle shi, ka goge shi idan buƙatarsa ta ƙare.

Sai maganar gaskiya a cikin aikin kansa. Allah Ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa. Wanda ya kwafo rubutun manhaja daga intanet ya liƙa bai fahimce shi ba, sannan ya ce wa mai aiki “an gwada, lafiya lau”, ya ba da shaida kan abin da bai gani ba. Imamu Malik da girmansa bai ji kunyar cewa “ban sani ba”. Idan kuma ɓarayin intanet suka sace bayanan da ke hannunka, dokar 2023 ta ba ka awa 72 ka sanar da hukumar kare bayanai, wato NDPC, matuƙar akwai haɗari ga masu bayanan, su kuma masu bayanan ka gaya musu da wuri domin su canza lambobin sirrinsu kafin a taɓa asusunsu.